Gayya da Gandu: Abin da Ya Ci D'Tigers a Luanda

Gidan kallon da ke kusa da mu a Malisa ba ya tayar da janareto saboda ƙwallon kwando. Na taɓa roƙon mai gidan, sai ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, wa za ya biya kuɗinai shi kalli dogaye suna tsalle?" Gaskiyarsa ce, tun daga Gwandu har Kalgo da Birnin Kebbi ƙwallon ƙafar Ingila ita ke cika benci. Shi ya sa a watan Agustan 2025, lokacin da ake gasar ƙwallon kwando ta ƙasashen Afirka a Angola, a zaurena na kalle ta ta waya, ni da ɗan ƙanwata, wani zanƙalelen yaro ɗan sakandare da na shafa wa wannan ciwo. Damina ta zauna, gero ya fara fid da kai, sauro na nasa aiki, sabis kuma ya zo ya tafi. A haka muka ga Senigal ta fitar da Nijeriya a zagayen 'yan takwas da ci 91 da 75.

Yaron ya yi jugum, can ya ce, "Kawu, mi yas same mu? Ba mu ne munka ci wasa ukku a jere ba?" Na ce masa rashin sa'a ne, ya je ya kwanta. Amsar malalaci ce, na kuwa san haka tun kafin in rufe baki. Ratar maki 16 a wasan fitar da gwani ta fi ƙarfin a ɗora wa sa'a.

Da gari ya waye sai na jera sakamakon wasannin huɗu a bayan wata takardar jarrabawa. Mun ci Madagaska 77 da 59. Mun ci Tunisiya, wadda a lokacin ke riƙe da kofin tun 2017, 87 da 66. Mun ci Kamaru 99 da 90. Sannan Senigal ta ci mu 91 da 75. Mai kallo ya fi son ya karanta layin hagu, 77, 87, 99, ya ga ana hawa kamar farashin taki, ya ce kofi ya zo gida. Ni ma shi na karanta a lokacin. Amma a dubi abin da aka zura mana: 59, 66, 90, 91. Ashe tun ranar Kamaru katanga ta tsage, murnar maki 99 ce ta rufe mana ido. Senigal ba ta zura mana abin da ya wuce na Kamaru ba sai da maki ɗaya tak. Bambancin kawai shi ne, a ranar Senigal hannunmu bai yi zafin da zai biya bashin ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, sai in ɗan yi bayani, don a nan maganar take. Mutum biyar-biyar ake yi, a fili mai tsawon mita 28 da faɗin 15, wato bai fi wata babbar farfajiyar gida ba. Minti 40 ne, an raba shi huɗu. Duk ƙungiyar da ƙwallo ta shiga hannunta tana da daƙiƙa 24 ta jefa a kwando, in ta wuce a karɓe. Jifar kusa maki biyu ce, ta bayan layin da ke nisan mita 6.75 kuma maki uku. Saboda wannan gaggawa kowace ƙungiya takan kai hari sau saba'in ko fiye a wasa ɗaya. A ƙwallon ƙafa mai tsaron baya zai iya yin kuskure goma ba a ci ba. A nan kuwa kowane kuskure da farashinsa, nan take ake biya.

To, cin maki abu ne da gwani ɗaya zai iya yi da hannunsa. A ba Josh Okogie ƙwallo, ko Caleb Agada, ya kutsa ya zura, ko da jiya ya fara ganin abokan wasansa. Tsaro ba haka yake ba. Dabarar da aka fi amfani da ita a duniyar wannan wasa a yau mai sauƙi ce a baki: wani ƙato ya zo ya tsaya kamar shinge a gaban mai tsaron wanda ke riƙe da ƙwallo, shi kuma mai ƙwallon ya zagaya ta jikinsa. Cikin ƙiftawar ido masu tsaro biyu sai sun yanke shawara ɗaya. Su yi musayar mutane? Wanda aka tare ya bi ta gaban shingen ko ta bayansa? Su taru su biyu a kan mai ƙwallo? In sun taru, wa zai rufe ƙaton da ya gangara ƙarƙashin kwando, wa kuma zai rufe wanda aka bari a kusurwa yana jiran jifar maki uku? Babu lokacin shawara. Sai dai kowa ya riga ya san abin da ɗan'uwansa zai yi, kamar yadda mata biyu ke daka a turmi ɗaya taɓare ba ta haɗu da taɓarya. Wannan sani ba ya samuwa a sati biyu na zaman otal. Kuma ɗan wasa irin Brancou Badio na Senigal, wanda ya fi kowa azabtar da mu a ranar, abincinsa ke nan: rabin taku na shakka tsakanin masu tsaro biyu ya ishe shi.

Mu manoma muna da sunan wannan abu. Akwai gayya, akwai gandu. Ranar gayya ana tara majiya ƙarfi daga unguwa-unguwa, a dama fura, makaɗi ya zo, kafin azahar an share gonar da mutum ɗaya zai yi sati uku a ciki. Abin sha'awa ne. Amma 'yan gayya ba su san inda ruwa ke kwanciya a gonar ba, ba su san gefen da ƙuduji ya kama ba, kuma da yamma kowa zai saɓa hauyarsa ya tafi. 'Yan gandu kuwa, uba da 'ya'yansa ko wa da ƙannensa, shekara da shekaru suna kan kunya ɗaya, kowa ya san saurin kowa. D'Tigers, wato ƙungiyar mazanmu ta ƙasa, a ganina ƙungiyar gayya ce. Tana da majiya ƙarfin da babu ƙasar Afirka da ta fi ta, kuma duk ranar da aka yi sa'ar tara su ana ganin abin mamaki. Kofi kuwa a hannun 'yan gandu yake zama.

Wanda ke shakka ya tuna 2021. Ranar 10 ga Yuli, a Las Vegas, Nijeriya ta ci Amurka 90 da 87 a wasan share fage, abin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa yi ba. Shekara tara kafin nan, a gasar Olamfik ta Landan, Amurkan nan ta yi mana 156 da 73, ratar maki 83, Carmelo Anthony shi kaɗai ya zura 37. Don haka ba laifi in mun yi rawa, ni kaina sai da na tashi mutanen gida da ihu da asuba. Mike Brown ne mai horarwa, 'yan wasa takwas daga NBA, babbar gasar Amurka, aka tafi da su Olamfik ta Tokyo, kuma bayan Amurka mun lallasa Ajantina. Sai dai a nasarar nan an zura jifar maki uku har 20, wato maki 60 cikin 90 daga nesa suka zo. Gabe Vincent ya ci 21, Agada 17. Irin wannan rana ba a shuka ta, faɗowa take. Da aka shiga gasar gaske sai Ostiraliya ta ci mu 84 da 67, Jamus 99 da 92 duk da maki 33 na Jordan Nwora, Italiya kuma 80 da 71. Wasan Italiyan shi ya fi ci mini rai: mun shiga kashin ƙarshe muna gaba da maki bakwai, sannan cikin minti goma muka ci maki takwas kacal, su suka ci 24. Idan wasa ya yi tsanani, ƙafa ta yi nauyi, ƙungiya takan koma ga abin da ta haddace tare. Mu ba mu da hadda.

Makonni kaɗan bayan Tokyo aka yi gasar Afirka a Kigali. Kusan duk taurarin sun koma Amurka, aka tara wasu sabbi, Yuganda ta fitar da mu tun kafin zagayen 'yan takwas. Ƙasar da ta ci Amurka a Yuli ta faɗi a hannun Yuganda kafin damina ta ƙare, kuma ba wani sihiri a ciki, rigar ce ɗaya, mutanen ciki daban. Gasar duniya ta 2023 ma ba mu samu gurbi ba, alhali Kef Bad mai mutane wajen rabin miliyan ta samu, Sudan ta Kudu da aka haifa a 2011 ita ma ta samu. Dalili a bayyane yake. Wasannin neman gurbi ana yin su ne kashi-kashi, wasu a Nuwamba da Fabrairu lokacin da NBA ke tsakiyar kaka ba ta sakin kowa, ƙasar da ba ta da tsayayyun 'yan gida sai ta riƙa zuwa kowane zango da baƙin fuskoki.

Sau ɗaya muka taɓa ɗaukar kofin maza, a 2015 a Tunisiya, da muka ci Angola 74 da 65 a ƙarƙashin Will Voigt, Chamberlain Oguchi ya zama gwarzon gasa. Abin da ake mantawa shi ne, ginshiƙan wannan ƙungiya, irin su Oguchi da Al-Farouq Aminu da yayansa Alade da Olumide Oyedeji, tare suka sha kashin Landan a 2012. Sun ci wuya tare, sun san juna. Sau ɗayan da muka yi abin da ya yi kama da gandu, shi ne sau ɗayan da muka girbe.

A dubi kuma waɗanda suka wuce mu a 2025. Angola ce ta ɗauki kofin, karo na 12, da ta ci Mali 70 da 43. Ƙarfin Angola tun fil azal daga ƙungiyoyin Luanda biyu yake fitowa, Petro de Luanda da Primeiro de Agosto, inda 'yan wasan ƙasa ke cin tuwo a kwano ɗaya duk shekara. Gwarzon gasar, Childe Dundão, gajere ne ƙwarai a ma'aunin wannan wasa, da zai shigo kasuwar Gwandu ba wanda zai waiwaya. Mali kuwa labarinta ya fi ba ni sha'awa, don ƙasa ce da ba ta fi mu kuɗi ko kwanciyar hankali ba. A 2019 yaranta 'yan ƙasa da shekara 19 suka kai wasan ƙarshe na duniya a Girka, Amurka ce kawai ta tsayar da su. Siriman Kanouté da Oumar Ballo suna cikin waɗancan yara, kuma su ne suka girma suka kai ƙasarsu wasan ƙarshe a Luanda bayan sun fitar da Senigal ɗin da ta fitar da mu. Ita Senigal tana da makarantar SEED a Thiès wadda Amadou Gallo Fall ya kafa, da makarantar NBA a Saly, da katafaren zauren wasa a Diamniadio, ga mai horarwa DeSagana Diop da aka bari a kujerarsa shekaru a jere. Rabonta da kofi tun 1997, amma kusan kowace gasa sai ka same ta cikin huɗun ƙarshe.

Akwai masu cewa matsalar ita ce dogaro da 'ya'yanmu da aka haifa a waje, waɗanda ba su san zafin ƙasa ba. Ban yarda ba, hujjata kuwa matanmu. D'Tigress ma akasarinsu a Amurka suka tashi ko suka yi karatu. Amma ranar 3 ga Agustan nan na 2025, a Abijan, suka ci Mali 78 da 64 suka ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere: 2017, 2019, 2021, 2023, 2025. A Olamfik ta Paris a 2024 sun ci Ostiraliya da Kanada, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas. Hukuma ɗaya ke kula da su da mazan, ƙorafin alawus ɗin ma iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne Ezinne Kalu da Promise Amukamara da Amy Okonkwo da Murjanatu Musa suna dawowa, shekara bayan shekara, sabuwar da ta shigo tana tarar da gida a gine. Kuma a lura, da tsaro suke cin mutane, da matsi tun daga tsakiyar fili har abokiyar karawa ta rasa inda za ta sa ƙwallo. Mai horar da su, Rena Wakama, ta iske gandu ta kuma riƙe shi da kyau.

Wasu kuma a kan mai horarwa suka sauke fushinsu, Abdulrahman Mohammed, wanda muka sani da Gombe Bulls. Na ji ana cewa da Bature ne da ba haka ba. Wannan magana tana ba ni dariya, don Mike Brown, wanda sau biyu ana zaɓensa gwarzon mai horarwa a NBA, wasa uku ya yi a Tokyo bai ci ko ɗaya ba. Ba na cewa Abdulrahman ba shi da abin tambaya. Wanda aka zura wa 90 a wasa ɗaya, ya sake karɓar 91 a na gaba, dole a tambaye shi me ya gyara a tsakani. Amma ɗan gida da ya ja ƙungiyar da ta sha wuya a farkon neman gurbi, ya kai ta ta ci rukuninta ba tare da faɗuwa ba, bai cancanci a yi masa kallon wanda ya zubar da miya ba. Daga 2015 zuwa yau an ga Voigt, an ga Alex Nwora, an ga Brown, an ga wasu na riƙon ƙwarya. Kowa da tsarinsa, kowa da mutanensa, kowa daga farko yake farawa.

Daga ina wannan rashin zama ya samo asali? Daga sama. A watan Yunin 2017 aka yi zaɓen shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa har biyu, ɗaya a Kano ya ba Tijjani Umar, ɗaya a Abuja ya ba Musa Kida. A farkon 2022 aka maimaita, Kida a Benin, Igoche Mark a Abuja. A watan Mayun shekarar gwamnatin tarayya ta ce ta janye Nijeriya daga duk wasannin duniya na shekara biyu. Ba a yi wata biyu ba aka janye janyewar, amma aikin gama ya gama: gurbin da matanmu suka sha wuya suka samu a gasar duniya ta 2022 an riga an miƙa wa Mali. Ɗan wasan da ke da kwantiragin miliyoyin daloli, in aka kira shi ya zo ya sa gwiwarsa a haɗari a ƙarƙashin gidan da masu shi ke kokawa a tsakar gida, sai ya yi lissafi. Ban ga laifinsa ba.

Wanda ya fi jin jiki a wannan rigima shi ne gasar cikin gida, kuma a nan ne abin ya taɓa mu 'yan Arewa kai tsaye. Yaran yanzu in an ce Kano Pillars ƙwallon ƙafa kawai suke tunawa. Alhali Pillars ta kwando ta daɗe tana mulkin ƙasar nan, ita ta ɗauki kofin 2016 da na 2017, kuma a 2016 ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira. Lokacin ana raba gasar gida biyu, ɓangaren Savannah da na Atlantic, ana yin watanni ana zagaya garuruwa, ana nunawa a talabijin. Bayan rikicin 2017 masu ɗaukar nauyi suka watse, shari'a ta shiga, gasar ta koma abin da ake tarawa a yi cikin 'yan makonni. Da aka buɗe gasar BAL a Kigali a 2021, wadda NBA da hukumar duniya suka haɗa hannu suka kafa, ƙungiyoyin Masar da Tunisiya da Angola da Libiya suka riƙa ɗaukar kofi. Kwara Falcons ta je a 2023 ta dawo ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Rivers Hoopers ta Fatakwal ce ta fid da mu kunya da ta zo ta uku a 2024. Pillars kuwa har zuwa 2025 ba ta taka wannan fili ba.

A Zariya na kamu da son wasan nan, ina ɗalibi a Samaru, inda filin kwando ba ya rabuwa da mutane daga la'asar har duhu. Garin ne ya raini Masai Ujiri, wanda ya shugabanci Toronto Raptors ta ɗauki kofin NBA a 2019, kuma a can wani Ba'amurke mai horarwa, Oliver Johnson, ya shafe shekaru yana koya wa yara. Wani abin da ba kowa ya sani ba a yankinmu: Hakeem Olajuwon, wanda ya ɗauki kofin NBA sau biyu da Houston a 1994 da 1995, yana wasa da azumi a bakinsa in Ramadan ya zo, ɗan ƙwallon hannu ne a makarantarsa ta Legas, kuma a wata gasar makarantu da aka yi a Sakkwato aka fara sa shi cikin 'yan kwando. Lokacin nan mu ma jihar Sakkwato muke, ba a yanke Kebbi ba sai 1991. Duk ranar kasuwa nakan ga samarin Fulani da na Zabarmawa da suke sunkuyawa kafin su shiga rumfa, in ce a raina ga dogaye har dogaye, ba wanda ya taɓa miƙa musu ƙwallo.

Gasar duniya ta gaba a Katar za a yi ta a 2027, Afirka na da gurbi biyar, gasar Afirka kuma sai 2029. Abin da zan sa wa ido ba sunayen da za a sanar ba ne, don kullum sunayen suna da daɗin ji. Zan ƙirga mutum nawa daga cikin sha biyun Luanda za a sake gani a zango na gaba, da na bayansa, da kuma ko mai horarwa ɗaya zai kai ƙarshen tafiyar. In aka samu bakwai ko takwas suna dawowa, maki 91 ɗin nan ba su tafi a banza ba.

Wannan duka na zauna na warware wa ɗan ƙanwata bayan kwana biyu, da takardar lissafina a hannu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Kawu, mu ina za mu yi namu gandun?" Akwai wata makaranta ba nisa da mu da aka taɓa zuba wa daɓen siminti aka kafa ƙarafa biyu. Allo ɗaya ya faɗi tuntuni, zoben ɗayan ya lanƙwashe ya dubi ƙasa, da kaka kuma mata ke shanya barkono a wurin. Mun je mun auna da igiya, daɓen bai cika mita 28 ba, amma rabin fili ya ishi mutum uku-uku. Mai walda ya ce zai miƙe zoben ya ɗaga shi zuwa mita 3.05 in mun kawo kuɗin ƙarfe da na mai. Masu barkono kuma sun ce ba su hana ba, amma sai bayan la'asar, in sun kwashe.